Kun Tambaya, Mun Amsa: Mai jifan besbol da ke yawon ƙungiyoyi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ne kan mutum iri guda a wasan besbol na Amurka: mai jifa, wato wanda ke jefa wa mai duka ƙwallo, da zai shekara goma ko fiye yana sauya riga, bana yana wannan ƙungiya, baɗi yana waccan. Za mu riƙa kiransa ɗan ci-rani, domin inda aiki ya kira shi nan yake kwana.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji an ce akwai mai jifan da ya yi wa ƙungiyoyi 14 wasa a babbar gasar Amurka. Abin ya ɗaure mini kai. In ya iya, me ya hana a riƙe shi? In kuwa bai iya ba, don me ake ta ɗaukarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Edwin Jackson kake nufi. Ya fara wasa a babbar gasa ta MLB ranar 9 ga Satumba, 2003, ranar da ya cika shekara 20, sanye da rigar Los Angeles Dodgers. Ya shiga ƙungiyarsa ta 14, Toronto Blue Jays, a 2019, inda ya zarce Octavio Dotel ɗan Jamhuriyar Dominika mai ƙungiyoyi 13. A 2025 Rich Hill ya kamo shi da ya yi wa Kansas City Royals wasa yana da shekara 45.

Iyawa kam ya iya. An zaɓe shi cikin taurarin gasa a 2009 yana Detroit. A watan Yunin 2010 ya yi wa Arizona cikakken wasa da Tampa Bay ba tare da ko mutum ɗaya ya doki ƙwallon da ta kai shi tasha lafiya ba (tasha ita ce wurin da mai duka ke rugawa ya taka bayan ya doki ƙwallo), kuma jifa 149 ya yi a daren, adadin da da wuya wani koci ya yarda da shi a yau. A 2011 ya ci kofin duniya na besbol, wato kofin ƙarshen kaka na MLB da ake kira World Series, tare da St. Louis Cardinals. Sai dai da aka tattara lissafin rayuwarsa ta wasa, ya ci wasa 107 ne, an cinye shi a 133. Ga ɗan ci-rani ke nan: ya fi ƙarfin a bar shi a gida, bai kai a gina ƙungiya a kansa ba.

Dalilin da ya sa ake ta nemansa lissafi ne mai sauƙi. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowacce tana wasa 162 a kaka, kowane wasa zango tara ne, kuma zango ba ya ƙarewa sai mai jifa da abokansa sun fitar da masu duka uku. Ke nan kowace ƙungiya tana da zango wajen 1,450 da dole wani ya hau tudun da mai jifa ke tsayawa a kai ya jefa. A ce masu buɗe wasa, wato masu jifan da ke fara wasa, su biyar kowa ya ɗauki 150, an samu 750, saura wajen 700. Amintattun 'yan canji uku ko huɗu, waɗanda ake ajiyewa don ƙarshen wasan da ake kan ci, kowa bai cika wuce zango 60 zuwa 70 ba. Ragowar ɗaruruwan nan fa? Ga rauni da ba ya sallama, ga ranar da mai buɗe wasa zai sha duka tun zango na biyu. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ƙungiya ta yi amfani da masu jifa 30 a kaka guda, alhali 13 kawai doka ta yarda ta riƙe a lokaci ɗaya.

Abin da ke hana a riƙe shi kuwa shi ne irinsa suna da yawa. Tazarar da ke tsakanin mai jifa na 12 a babbar ƙungiya da gwanin da ke jira a ƙaramar gasa ba ta taka kara ta karya ba. Duk wanda ake iya maye gurbinsa da kiran waya ɗaya, ba a ba shi kwantiragin shekara biyar.

TAMBAYA: Malam, na ga wani ɗan canji ya yi zango uku ba a ci shi ko maki ɗaya ba, amma da gari ya waye aka ce an yi masa DFA. Wane laifi ya yi? Kuma mene ne DFA ɗin?

AMSA: Ɗan'uwa, bai yi laifin komai ba, kuma tambayarka ta taɓo zuciyar maganar gaba ɗaya. Bari mu bi ta daki-daki, don wanda ya gane wannan ya gane rayuwar ɗan ci-rani.

Kowace ƙungiya tana da jerin suna biyu. Akwai jerin 'yan 26, su ne ke sa riga su fito fili a yau. Akwai kuma jerin 'yan 40, wanda ya haɗa 'yan 26 ɗin da wasu da ƙungiya ta killace a ƙananan gasanni don kada wata ta ɗauke su. Ƙananan gasannin hawa huɗu ne, Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, ban da na sababbin shiga. Daga Triple-A ake yawan kiran mutum sama.

Da zarar an sa ɗan wasa a jerin 'yan 40, ƙungiya tana da damar saukar da shi ƙasa ba tare da neman izinin kowa ba a cikin kakanni uku. Damar ta kaka ce, ba ta tafiya ɗaya ba. In ya kwana 20 ko fiye a ƙasa cikin kaka, dama ɗaya ta ƙone. Tun 2022 an taƙaita saukarwar zuwa sau biyar a kaka, kuma mai jifan da aka saukar sai ya yi kwana 15 kafin a dawo da shi, sai fa in wani ne ya ji rauni ake neman madadinsa.

Yanzu ka duba wasan da ka kalla. An yi wa mai buɗe wasa ruwan maki, koci ba ya son ya gajiyar da amintattunsa a wasan da ya riga ya kuɓuce, sai ya miƙa wa mutum na ƙarshe a jeri ƙwallo ya ce ya ƙarasa musu wasan. Ya yi zango uku, jifa wajen 50. Hannun da ya yi jifa 50 yana buƙatar hutun kwana biyu ko uku, ga shi gobe akwai wasa, jibi ma haka. Ƙungiya na son hannun da bai gaji ba a daren gobe. In mutumin yana da sauran damar saukarwa, sai a ba shi tikitin jirgi zuwa Triple-A, a kira wani. In damarsa ta ƙare, babu hanyar cire shi daga 'yan 26 sai an cire shi daga 'yan 40 baki ɗaya. Wannan cirewar ita ce DFA. Aikin da ya yi da kyau shi ne ya gajiyar da hannunsa, gajiyar kuma ita ta fitar da shi.

Daga nan ƙungiya tana da kwana bakwai. Ko ta yi musayarsa da wata, ko ta yi shelarsa ga sauran ƙungiyoyi 29. Duk mai so sai ta nuna, kuma wadda ta fi baya a teburi ita ke da fifiko. Wadda ta ɗauke shi ta gaji kwantiraginsa, ta kuma gaji matsalar: ita ma ba za ta iya saukar da shi ba. Ranar da ta matsu da hannu sabo, sai ta yi masa abin da ta farko ta yi. Haka Oliver Drake ya yi wa ƙungiyoyi biyar wasa a kakar 2018 kaɗai, Milwaukee, Cleveland, Los Angeles Angels, Toronto da Minnesota, yawancinsu ta hanyar wannan shela.

In kuwa babu wadda ta nuna sha'awa, ƙungiyarsa na iya tura shi Triple-A a wajen jerin 'yan 40. Wanda aka taɓa yi wa haka a baya, ko wanda ya tara shekara uku na hidima a babbar gasa, yana da ikon ƙin tafiya ya zama mai 'yancin kansa. Amma a nan akwai tarko da ya kamata a sani: wanda bai kai shekara biyar ba, in ya ƙi, ya yafe ragowar albashinsa. Mai shekara biyar ne ke ƙi ya kuma tafi da kuɗinsa.

A ganinmu wannan tsari yana da gyara. Yana hukunta mutum a kan abin da aka sa shi ya yi. Kuma yana sa a fifita matashi mai sauran dama a kan dattijon da ya ɗan fi shi iyawa, don kawai shi matashin ana iya kai shi a dawo da shi yadda aka ga dama.

TAMBAYA: Ni tambayata a kan kuɗi ce. Irin waɗannan mutanen suna samun abin kirki kuwa, ko wahala ce kawai?

AMSA: Hajiya, ya danganta da yawan kwanakin da mutum ya yi a sama, don da kwana ake auna komai. Mafi ƙarancin albashi a babbar gasa dala 740,000 ne a 2024, ya koma 760,000 a 2025. Sai dai ɗan ci-rani ba kasafai yake ganin wannan adadi cif ba. Kwantiraginsa yawanci mai farashi biyu ne, na sama daban, na ƙasa daban, ana biyansa gwargwadon inda ya kwana. Kaka tana da kwana 186 ko 187, don haka kwana ɗaya a sama ya kai dala 4,000 da 'yan kai. Wanda ya samu wata guda ya haɗa wajen 120,000. A Triple-A kuwa, yarjejeniyar farko da 'yan ƙananan gasanni suka ƙulla a 2023 ta sa mafi ƙaranci ya zama dala 35,800 a shekara, daga 17,500 da ake biya a da. Tsofaffin hannu suna ciniki su samu fiye da haka. Duk da haka, kwana tara a sama ya kai albashin shekarar mai ƙaramin hannu a ƙasa. A cire haraji, a cire ladan wakili da ke kusan kashi biyar cikin ɗari, a cire hayar gidan da aka biya aka bari a tsakiyar wata.

Kwanakin nan kuma suna taruwa su zama shekarun hidima. Kwana 172 shi ne shekara ɗaya. Mai kwana 43 ya shiga tsarin fansho, mai shekara goma ya samu cikakke. Shi ya sa za ki ga mutum mai shekara 36 yana ta fafutukar ƙarin wata biyu a sama. Sau da yawa lissafin fansho ne ke gabansa.

Akwai gaɓa ɗaya da take mayar da mutane da yawa 'yan ci-rani. Daga shekara uku na hidima, ɗan wasa yana da ikon kai maganar albashinsa gaban masu sulhu, kuma a wannan tsari albashi hawa yake yi kusan kowace shekara. Ɗan canji matsakaici da za a biya dala miliyan biyu, alhali ga matashi a mafi ƙarancin albashi da zai yi kusan irin aikinsa, sai ƙungiya ta ƙi miƙa masa sabon kwantiragi a watan Nuwamba. Daga ranar ya shiga kasuwa, kuma galibi da kwantiragin shekara ɗai-ɗai zai ƙarasa. Cikakken 'yancin zaɓen ƙungiya yana zuwa ne a shekara shida, 'yancin da bai samu ba sai bayan hukuncin mai sulhu Peter Seitz na Disambar 1975 a kan masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally. Kafin nan ƙungiya ce ke riƙe da mutum har sai ta ga dama ta sake shi.

Wasu dai sukan dace. Jackson ɗin da muka ambata ya samu kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 52 daga Chicago Cubs tun daga kakar 2013.

TAMBAYA: Ina ganin ana rubuta ERA a gaban sunan mai jifa. Yaya ake lissafa ta, kuma da ita ake yanke hukuncin wanda za a kora?

AMSA: Malam, ka ɗauki makin da aka ci shi da alhakinsa, wato ban da wanda kuskuren masu tsaron fili ya jawo, ka ninka sau tara, ka raba da yawan zangon da ya jefa. Matsakaicin gasa yana yawo ne a wajen 4. In ka ga an rubuta zango 10.1, ba goma da ɗigo ɗaya ba ne, goma ne da sulusi, wato ya fitar da mutum ɗaya a zango na sha ɗaya.

Ga inda take cutar ɗan ci-rani. A ce ya yi zango 10 an ci shi 3, lissafinsa 2.70, abin yabo. Rana ɗaya ta ɓaci, aka ci shi 5 bai fitar da kowa ba sai mutum ɗaya. Yanzu maki 8 ne a zango goma da sulusi, lissafi ya tashi zuwa 6.97. Mai buɗe wasa yana da zango 150 da zai wanke irin wannan tabo. Wanda ake ba zango 15 kafin a yanke masa hukunci ba shi da wannan sarari.

Ƙungiyoyi sun san da haka, shi ya sa yanzu sun fi duba wasu abubuwan. Kashi nawa na masu duka yake fitarwa da jifa uku masu kyau, kashi nawa yake bari su wuce tasha ta farko kyauta saboda jifa huɗu da suka kauce, sai kuma gudun ƙwallonsa da juyawarta da yadda take karkata, waɗanda na'urorin Statcast ke aunawa a duk filayen gasar tun 2015. Saboda haka za ka ga an ɗauki mai ERA 6 an bar mai 3.50. Wani a ofishin ƙungiya ya ga jifa ɗaya a hannunsa da yake ganin ba a amfani da ita yadda ya kamata.

TAMBAYA: Don Allah a yi mana bayanin tiyatar Tommy John da ake yawan faɗa. Wanda aka yi wa yana dawowa daidai?

AMSA: Daga tudu zuwa inda mai duka yake tsaye mita 18.44 ne, ƙwallon kuma giram 142 zuwa 149. Matsakaicin jifa mai gudu a babbar gasa a 'yan shekarun nan ya kai mil 94 a awa, wato wajen kilomita 151. Lokacin da hannu ya lanƙwashe baya kafin ya saki ƙwallo, nauyin yana sauka ne a kan wata 'yar jijiya da ke ɗaure ƙasusuwan gwiwar hannu ta gefen ciki. Da yau da gobe take sassaƙewa har ta tsinke. Alamomin da ke riga tsinkewar zuwa su ne ɗaurewar naman damtse na ƙasa, raguwar gudu da mil biyu ko uku ba dalili, ƙwallo ta riƙa tashi sama ba ta zuwa inda aka nufa, wani lokaci da jin tsira-tsira a ƙaramin yatsa da na kusa da shi.

Dakta Frank Jobe ne ya fara yin aikin a 1974, a hannun Tommy John, mai jifan Dodgers. Ana ciro wata jijiya daga damtsen mutum ko bayan cinyarsa, a huda ƙasusuwan biyu, a zura ta a ɗaure ta tsaya a madadin wadda ta tsinke. Tommy John ya dawo a 1976, ya ci wasa 164 bayan aikin, bai ajiye ba sai 1989 yana da shekara 46.

Jinyar wata 12 zuwa 18 ce. Watanni huɗu zuwa shida na farko babu jifa, sai motsa gwiwa da ƙarfafa kafaɗa. Daga nan a fara jifa mai taushi a fili daga tazarar mita 14, a ƙara zuwa 18, zuwa 27, zuwa 37, ana tsallake rana. Sai an wuce wannan ba ciwo ake hawa tudu, a fara da jifa mai gudu zalla kafin masu karkata. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa, musamman ga wanda kwantiraginsa ke ƙarewa yana son ya nuna wa masu saye cewa ya warke. Gudu yakan riga saiti dawowa, mutum ya ga na'ura ta nuna 94 ya ɗauka ya gama, alhali ƙwallonsa ba ta sauka inda yake so. Da yawa suna dawowa, amma ba kowa ba, kuma raunin kafaɗa ya fi na gwiwa wuyar sha'ani nesa ba kusa ba.

Ga ɗan ci-rani, inda raunin ya same shi ma magana ce. In yana jerin 'yan 26 ne, za a sa shi a jerin majinyata, na kwana 15 ko na 60, albashin sama na tafiya, kwanakin hidima na ƙirguwa. In a Triple-A ne, kuɗin ƙasa zai ci. Wannan ne ke sa wasu su ɓoye ciwo suna jiran kira, kuma muna ganin babban ganganci ne, don ɗan yagewar da hutu zai iya gyarawa shi ke zama tsinkewar da za ta ci shekara da rabi.

TAMBAYA: Gaskiya ne bahago ya fi daɗewa a wannan sana'a?

AMSA: Da gaskiya a ciki. Bahagon mai duka ya fi shan wuya a hannun bahagon mai jifa, domin ƙwallo mai karkata tana guje masa ne, ga shi bahagwai ba su da yawa. A da akan ajiye mutum don ya fuskanci bahago ɗaya tak ya sauka. Jesse Orosco, wanda ya fi kowane mai jifa yawan fitowa da wasa 1,252, da irin wannan aiki ya ƙarasa har ya kai shekara 46 a 2003. Amma tun 2020 doka ta ce wanda aka sako sai ya fuskanci mutum uku ko ya kai ƙarshen zango. Bahagon da ba shi da abin da zai yi wa na-dama, kasuwarsa ta ragu ƙwarai.

TAMBAYA: Idan duk ƙungiyoyi 30 suka juya wa mutum baya, shi ke nan ta ƙare? Ko akwai wata ƙofa?

AMSA: Akwai ƙofofi, Malam, kuma ta farko ita ce gayyatar atisayen share fage. A tsakiyar Fabrairu masu jifa da masu cafke musu ƙwallo ke hallara a sansanoni, ƙungiyoyi 15 a Florida, 15 a Arizona. Ɗan ci-rani yakan zo da kwantiragin ƙaramar gasa, ba ya cikin 'yan 40, yana da mako shida da zango goma ko ƙasa da haka ya nuna kansa. Abu biyu wakilinsa ya kamata ya duba kafin a sa hannu. Na farko, masu jifa nawa ne a ƙungiyar da damar saukar da su ta ƙare, don su za a fara ba kujera ko da ya fi su kyau a atisaye. Na biyu, ranar ficewa: sharaɗin da ke cewa in ba a hau da shi ba zuwa rana kaza, yana da ikon tafiya. Tsofaffin da suka cika shekara shida kuma suka gama kakar baya a kwantiragin babbar gasa, yarjejeniyar 2022 ta ba su irin wannan rana uku kai tsaye: kwana biyar kafin buɗe kaka, 1 ga Mayu da 1 ga Yuni. Wanda bai kai wannan matsayi ba, sai wakilinsa ya nema masa a rubuce, in ba haka ba zai iya ƙare kaka a Triple-A yana kallon wata ƙungiyar na neman irinsa ruwa a jallo.

Ƙofa ta biyu gasanni masu zaman kansu ne, waɗanda ba sa ƙarƙashin kowace babbar ƙungiya. Albashin kaɗan ne, amma masu farautar 'yan wasa suna leƙawa. A 2015 Rich Hill, yana da shekara 35, bayan an yi masa tiyatar gwiwa a 2011 kuma an daɗe da mayar da shi ɗan canji, ya je Long Island Ducks don ya nuna zai iya buɗe wasa. Boston Red Sox ta ɗauke shi, ya buɗe wasa huɗu a Satumba, yana dogaro da jifarsa mai lanƙwasa fiye da yadda aka saba gani. Oakland ta ba shi dala miliyan 6 a 2016, a ƙarshen shekarar kuma Dodgers ta ba shi miliyan 48 na shekara uku.

Ta uku ita ce ƙetare. Gasar Japan tana da ƙungiyoyi 12, ta Koriya ta Kudu 10, dukansu sun ƙayyade yawan baƙi, don haka baƙon da aka ɗauka ana sa ran ya ja ragama ne tun daga ranar farko. A Koriya an sa iyakar dala miliyan ɗaya ga baƙo a shekararsa ta farko. Abin da mutum ke samu a can wanda ba ya samu a Amurka shi ne tabbas: kuɗinsa a rubuce, ranar wasansa sananniya, zango 170 ko fiye da zai gwada abin da yake gyarawa ba tare da fargabar tikitin gobe ba. Miles Mikolas ya yi kaka uku a Yomiuri Giants ta Japan, ya dawo St. Louis a 2018 ya ci wasa 18. Merrill Kelly ya yi huɗu a SK Wyverns ta Koriya, bai taɓa taka babbar gasa ba sai 2019 yana da shekara 30, ya kuma buɗe wa Arizona wasa a gasar kofin duniya ta 2023. Erick Fedde, wanda Washington ta saki a ƙarshen 2022, ya ci wasa 20 da ERA 2.00 a NC Dinos ta Koriya a 2023, sai Chicago White Sox ta ba shi dala miliyan 15 na shekara biyu. Ba kowa ke dacewa ba. Masu duka a can sun fi haƙuri da taɓa ƙwallo, kuma baƙon da ya yi wata biyu ba ya kataɓus ana sallamarsa a kawo wani. Akwai kuma Taiwan da Meziko, da gasannin hunturu na Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Puerto Rico, inda mutum ke zuwa don a gan shi kafin Fabrairu.

In ka lura, da wuya wani ya dawo da kayan da ya tafi da su. Ko ya ƙaro jifa sabuwa, ko ya jefar da wadda ake dukansa da ita, ko ya sauke kusurwar hannunsa. Fedde ya koyo jifa mai sharar gefe kafin ya tafi Koriya. R.A. Dickey ne ya fi kowa yin nisa a wannan. Texas ta zaɓe shi a zagayen farko a 1996, gwajin likita ya nuna ba shi da jijiyar gwiwar nan kwata-kwata, aka zabge kuɗin sa hannunsa daga dala 810,000 zuwa 75,000. Bayan shekaru yana fama, ya koma jifan da ake tura ƙwallo da farce don kada ta juya, iska ta riƙa kaɗa ta yadda ta so. Ya ratsa Seattle da Minnesota yana koyo, sannan a kakar 2012, yana da shekara 37, ya ci wa New York Mets wasa 20, aka ba shi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa.

Sabuwar jifa tana ɗaukar lokaci. Ana fara ta a jifan motsa hannu na yau da kullum, a kai ta tudu a gaban na'ura da kyamara mai saurin ɗauka don a ga yadda take barin yatsu, sannan a gwada ta a kan masu duka na gida kafin wasa na gaske. Inda ake yawan faɗuwa shi ne mutum ya rage saurin hannu ko ya buɗe safar hannunsa daban in zai yi ta. Masu duka na babbar gasa suna nazarin bidiyo, kuma da sun gano alamar, sun san abin da ke tafe tun ƙwallo ba ta bar hannu ba.